Layukan da Suka Rarrafa Gabas

Kawu yana tsoron tsani, kuma tsani ne abincinsa. A da walda yake yi, har idanunsa suka fara ruwa. Ni na samo masa aiki a tashar binciken sararin sama inda nake tuƙi: kullum da la'asar ya hau rufi ya goge ƙoƙon gilashin da ya rufe kyamara. Ita kyamarar kwana take tana ɗaukar wani siririn haske da iskar can ƙololuwa ke fitarwa da kanta.

Doka ɗaya aka gindaya masa, tsumma mai laushi kawai. Rannan iska ta fizge tsumman. Ya sauka ya sake hawa? Tsoro ya hana. Sai ya tuɓe hularsa ya goge da ita.

Washegari Malama, mai kula da kyamarar, ta aika a kira shi. Na same shi bayan tankin ruwa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Ɗana, hular nan kaushi gare ta. Na kashe musu gilashi. Me zan gaya wa mutan gida?"

"Tashi mu je, Kawu. Tankin nan ba zai ɓoye ka ba, ka fi shi tumbi."

A ofishin Malama, a fuskar kwamfuta, ga hoton sama, layuka sun ratsa shi, haske da duhu. Na ƙirga goma sha ɗaya, na ɗauka duk karce ne. Kawu ya dafa kujera.

"Ranki ya daɗe, hulata ce ta karce shi. Ki bar ɗana da aikinsa, shi kawo ni kawai ya yi."

Malama ta danna hoto na gaba, da na gabansa. Layukan suka rarrafa gabas.

"Baba, karce yana tafiya ne? Hadari aka yi can nesa, ya tunkuɗa iska sama, ta riƙa hawa da sauka kamar igiyar ruwa. Inda ta matsu hasken ya ƙaru, inda ta saki ya dushe. Na kira ka ne ka ga kyan aikinka." Sai ta juyo ta dube shi. "Wace hula kuma?"

Da kanta ta hau rufin. Kawu ya riƙe mata tsanin, tsanin na kaɗawa tare da shi. Ta daɗe.

"Karce ɗaya, a gefe, inda kyamara ba ta gani," ta ce da ta sauko. "Na biyu ba zan yafe ba."

Har yau yana hawa yana addu'a, tsumma ɗaure a wuyan hannunsa. Hular kuwa a gindin tsani yake barin ta.