Hoto Na Biyar

Sana'ar hoto ta mutu a hannuna ina ji ina gani. Da can a Salaga ba a suna ko biki sai an aiko kirana, amma da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, sai in wuni a shago ina korar ƙuda. Wani baƙo da ya zo ganin tsofaffin rijiyoyin garin ne ya ba ni shawara. Ya ce in riƙa ɗaukar gari da mutanensa, in wanke manya, in sa a firam, in kai wa masu otal da baƙi a Tamale. Ya ce kuma kada in wanke barkatai. Kowane hoto in yanke masa adadi, in rubuta a ƙasansa da hannuna, na ɗaya cikin goma, na biyu cikin goma, in sun ƙare shi ke nan.

Mutanen zango suka samu abin dariya. "Mai hoto, injin ne ya gaji ko kai ne ka gaji?" Na ƙyale su, don abin ya karɓe ni.

Hoton da ya fi kowane kyau, matata ce a ciki. Ta raka ni rijiyoyin wata safiya, ta ga guga a yashe, ta ɗauka tana jan ruwa. Na ɗaga kyamara, ta juyo za ta yi mini faɗa, dariya ta ƙwace mata. A nan na kama ta. Da na nuna mata na ce zan sayar, sai ta haɗe rai.

"Malam, fuskata za ka raba wa duniya kamar kalandar mai kanti?"

Na yi ta lallashi har ta sauko, amma da sharaɗi. Ta ce biyar, ba ƙari. Huɗu na kasuwa, ɗaya na ɗakinmu. Ta sa na maimaita a gabanta, na maimaita ina dariya. Huɗun ba su daɗe ba suka tafi, wajen mutanen da ban san inda suke ba yanzu.

Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abarsa. Ba mu haihu ba. Da 'yan gaisuwa suka watse, gidan ya rage daga ni sai na biyar ɗin nan a bango. Ɗakin da nake kwana nan nake salla in ban je masallaci ba, kuma ba ma salla da hoto yana kallonmu. Saboda haka in lokaci ya yi sai in juya fuskarta ga bango, in na sallame in juyo da ita. Wallahi wannan juyawar ita ce hirata ta yini. Har sannu nake mata.

Ana nan sai wan marigayiyar ya kira ni daga Bawku. Ya ce Mma, wato surukata, ta ji labarin hoton, ta hana kowa sakat. Ba ta da hoton 'yarta ko ɗaya na kirki. Ya ce, "Ai yana cikin kwamfutarka, wanke mata wani kawai." Na ce masa zan zo.

Na sauke hoton, na naɗe shi da zanen matata, na hau lori. Daga Bimbilla zuwa Yendi a cinyata yake, duk ramin da muka faɗa sai in rungume shi. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko madubin amarya ne. Na ce eh, don ba ni da bakin bayani.

A Yendi na sauka wajen kafintan da ke yi mini firam. Na ce ya sa wa hoton igiya mai ƙwari, wadda tsohuwa za ta iya juyawa ba tare da ya faɗo ba. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ajiye guduma.

"Haba mai hoto, naka za ka bayar? Kai wane irin mutum ne? Wanke na shida mana, wa zai sani?"

Raina ya ɓaci, na ce masa igiya na zo saya, ba shawara ba. Amma gaskiya maganarsa ta bi ni har tasha. Da masu sayen nan ne kawai na yi wa alkawari, da wataƙila na rufe ido. Ita kuwa wadda ta ce biyar, ina zan same ta in roƙi ƙari? Da tana raye, da tsokana ɗaya zan yi ta ce in je in wanke. Yanzu maganarta ta ƙarshe a kan hoton ita ce maganar.

Na isa Bawku washegari, gari duk warin albasa. Na tarar da Mma a ɗakinta a kan buzu, na durƙusa na gaishe ta. Sai da ta kira ni da sunan wani kafin ta gane muryata. Ashe idon ya tafi. Babu wanda ya gaya mini! Nan take zuciyata ta ce, to me za ta yi da shi? Koma da abinka. Har na ja shi jikina.

"Ka kawo ta?" in ji Mma, ta miƙo hannu biyu.

Na kwance zanen na ɗora mata a cinya. Ta shafa katakon, ta shafa gilashin, ta goge shi da bakin mayafinta.

"Ɗana, ina take kallo?"

"Ke take kallo, Mma. Dariya take yi."

"Haƙorin nan nata na gaba mai giɓi ya fito?"

Na ce ya fito. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce in kafa ƙusa daidai inda hannunta zai kai in ta miƙe. Na kafa, na rataye, na kama hannunta na nuna mata yadda ake juyawa. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta ce igiyar ta yi. Ba ta tambaye ni ko ina da wani ba, ni ma ban faɗa ba. Zanen kaɗai na ninke na sa a jaka.

Na dawo Salaga da la'asar, jiki duk ya mutu. Hoton yana nan a waya, na sani, amma ƙarami ne, kuma da na ɗan zuba masa ido sai hasken ya ɗauke. Na yi alwala, na shiga ɗaki, na shimfiɗa darduma. Ban san lokacin da na ce, "Yi haƙuri, bari in yi salla," na kai hannu bango ba. Ƙusa na taɓa. Na daɗe a tsaye a wurin kafin na iya yin kabbara.