Waliyyi Mai Fuskar Fidencio

Ranar Talata, takwas ga Satumba, 1987, Teofilo Lucero ya fara haɗuwa da Malam Lindqvist, a ajin tarihin zane na wata makaranta a birnin Albuquerque. Malamin ya sa aka kashe fitila, ya kunna majigi, sai ga fuskar wani dattijo a bango, aikin masu zanen ƙasar Holan na shekaru ɗari uku da suka wuce. Bayan dattijon duhu ne dunɗum, haske ya faɗo masa ta gefe ɗaya kamar daga taga, har jijiyar goshinsa ana gani. Aka tashi, kowa ya watse, Teofilo na nan zaune.

Shi ba baƙon zane ba ne, a cikinsa ya buɗe ido. Gidan Lucero su ke zana waliyyai a ƙauyen Rito Frio tun kaka da kakanni. Kakansa, Don Eusebio, kan shafe katako da farar ƙasa, ya haɗa launi daga jan ƙasa da kunkunniya, ya ja baƙin layi ya fitar da fuska shafal, ba tudu ba kwari, ba inuwa. Teofilo ya zo birni da irin wannan allo guda na hannunsa. Da ya nuna wa Malam Lindqvist, malamin ya jujjuya shi ya ce ba laifi, 'yan yawon buɗe ido na son irinsa. 'Yan aji suka sa masa suna Waliyyi. Daga ranar allon ya koma ƙarƙashin gado.

Shekara uku ya yi yana bin Holanawa sau da ƙafa. Ya koma fentin mai, ya koyi zaunar da mutum kusa da taga ya kwashe kamanninsa, har in ya yi kunne sai ka ga jini na gudu a ciki. In ya je hutu ya dubi waliyyan kakansa, sai ya ga kamar an bi su da dutsen guga.

A farkon 1991 rufin cocin ƙauyen ya yi yoyo, ruwa ya ɓata allon San Isidro, waliyyin manoma, wanda ake zagayawa da shi gonaki da magudanan ban-ruwa duk sha biyar ga Mayu. Doña Cleofas, tsohuwar da ke riƙe da makullin cocin, ta zo wurin Don Eusebio kamar yadda aka saba. Tsoho ya nuna mata hannunsa yana rawa, ya ce lokacin jikansa ya yi. A gidan Lucero, wanda ya zana San Isidro shi ke gadon buroshi da teburin aiki, kuma ƙauye ya san wurin wanda zai je daga nan gaba.

Teofilo ya ɗaura niyyar nuna musu abin da ya koyo. Ya nemi manomi na gaske ya zauna masa, ya kuwa samu: Fidencio Trujillo, maƙwabcinsu, mai karyayyen hanci da fuskar da rana ta gasa. Abin da ya manta, don ya daɗe a birni, shi ne a Rito Frio kowane manomi na da ranarsa ta ban-ruwa, kuma duk ƙauyen an san Fidencio da buɗe ruwa zuwa gonarsa ranar da ba tasa ba. Ya rufe ɗaki ya yi aikinsa, ko kakansa bai bari ya leƙa ba.

Ranar bikin, bayan addu'ar safe, aka yaye ƙyallen da aka rufe zanen da shi. Can daga baya wani ya ce a je a duba magudana, waliyyin bana ba ya jiran ranarsa. Dariya ta ɓarke, Fidencio da kansa ya cire hula yana gaida jama'a. Doña Cleofas ba ta yi dariya ba. Ta matso da sandarta ta ƙare wa zanen kallo.

"Ɗan nan, hannunka na da kyau," in ji ta. "Amma wannan Fidencio ne. Ni zan durƙusa gaban wanda ya busar mini da barkono bara?"

"Doña, haka manyan masu zane ke yi, mutum suke zaunarwa."

"To, su je su durƙusa masa."

Aka ɗauko tsohon allo da tabon ruwansa, aka fita da shi gonaki. Teofilo ya bi bayan ayari tare da kakansa, har suka kai gadar katako.

"Kai kana tsammanin ban san hanci yana da inuwa ba?" in ji tsoho. "Barin ta muke yi, don kada fuskar ta zama ta wani. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka."

Teofilo ya roƙi a ba shi dama ya sake. Ya ɗauko katako da farar ƙasa ya zauna, amma hannu ya riga ya saba. Duk layin da ya ja, sai ya tarar ya duhunta gefen kumatu, ya sa ɗigon haske a ido. Ya kankare ya sake, ya kuma kankarewa. Doña Cleofas ta gaji da jira, ta kai aikin wani gida a ƙauyen gaba.

Zanen Fidencio shi ya kai makaranta a matsayin aikin kammala karatu. Al'adar wurin ita ce ɗalibi ya rataye aikinsa ya tsaya shiru, malamai su yi ta magana a kansa. Malam Lindqvist ya yaba hasken, ya yaba hancin, sannan ya ce abin takaici aikin ya makara da shekara ɗari uku, kuma bai ga Teofilo a ciki ba.

"Ina allon nan da ka taɓa nuna mini?" in ji shi. "Ai wancan shi ne naka. Me ya sa ka bari?"

Teofilo ya sauke zanensa ya fita.

An ba shi takardar gamawa a wannan shekarar. Don Eusebio ya rasu a watan Disamba, buroshinsa na cikin gwangwani a kan taga, ba wanda ya taɓa shi. Teofilo ya kama aiki a wani shagon rubuta allunan talla a garin Española, a can yake har yau, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Ba a sake kawo wa gidan Lucero aikin coci ba. Zanen kuwa Fidencio ya roƙa aka ba shi, yana rataye a falonsa, saman talabijin.