Malam Siddo da Hanyar Makara

Da an idar da sallar asuba, Malam Siddo zai ɗauki gorarsa ya shiga lungunan unguwarmu a nan Gaya. Tsawon gorar daidai yake da na makara. Shi ke ajiye makarar unguwa tun muna yara, shi ke shiga gaba idan an yi rasuwa. Duk inda ya ga an zube yashi da bulo, nan zai tsaya ya gitta gorar a kwana, ya ga ko za ta juya.

Da can wa ke buƙatar haka? Fili ne ko'ina, mata na shanyar shinkafa. Yanzu kasuwancin iyaka ya jawo jama'a, kowa na son shago, kowa na son ɗakin haya. Wannan ya turo bangonsa waje kaɗan, maƙwabcinsa ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba.

Ranar da Inna Ajuma mai ƙosai ta rasu, makara ta ƙi juyawa a lungunsu. Ta kan katanga aka miƙo tsohuwar, 'ya'yanta na kallo. Malam Siddo ya yi kuka, washegari ya saro gora.

A gabana ya tare Alhaji Rashidu mai manyan motoci, ana ja masa igiyar tushen gini.

"Alhaji, a ja da baya kaɗan."

"Baba, ai filina ne, da kuɗina na saya."

"Naka ne, ɗana. Amma ranar da za mu zo ɗaukarka, ta ina za mu bi?"

Alhaji ya ce magina su matsar da igiya. Ba kowa ke ji ba. Wasu har cewa suke tsohon na yi musu fatan mutuwa.

Malam, kai ne mai rama wa wanda ba shi da bakin magana. Ba albashi, ba kujera a meri, ofishin magajin gari, sai zagi. Yanzu gwiwarka ta ƙi, idonka ya yi rauni, ni kuwa tsoro nake ji. Makon jiya na ga an kafa turakun gini a filin da muke sallar jana'iza, kuma ban ga wanda ya ce uffan ba.

Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu gini, kada ku jira sai tsoho ya zo roƙonku. Ku bar hanya. Ana shiga gida da ƙafa, amma a kafaɗar mutane ake fita.