Mai Auna Tiya a Kasuwar Guci

Turai mai awon gero ta kasa ɗauke ido daga baƙuwar nan da ta shigo kasuwar Guci. Siririya ce, ba ta wuce sa'ar autarta ba, tana rungume da ƙaramin ma'auni mai lambobi kamar jariri. Rumfa-rumfa take bi, ta karɓi tiyar mutum, ta cika da gero, ta juye a ma'auni, ta rubuta. Wasu na cewa ɗalibar jami'a ce mai binciken awo, wasu na cewa hukuma ce ta turo ta.

Turai ta janyo tiyarta kusa da ita. Marigayi mijinta ya taɓa bubbuga gindin tiyarta don ta rage ci, kuma shekara tara ke nan da ita take awo. Tana shirin zaunawa a kan tiyar don ta ɓoye ta, baƙuwar ta durƙusa gabanta.

Masu awo duk sun zubo wa yarinyar ido. Ta auna, ta daɗe tana kallon lambobin.

"Inna," ta raɗa mata, "tiya ashirin na auna yau. Taki ce mafi girma."