Matar da Muka Goge Daga Jerin Maniyyata

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo kwamfuta ofishin da Umma take aiki a Doka, inda ake rubuta sunayen masu niyyar zuwa aikin Hajji. Umma ta daɗe tana buga tafireta a wurin, sai aka tura ta kwas na wata shida. Da ta dawo, ita kaɗai ce ta san yadda ake ba na'urar umarni. Aka ware mata ƙaramin ɗaki mai sanyi, ba don ita ba, don kwamfutar. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, har shi Oga, shugaban ofishin.

Idan an tashe mu daga makaranta nakan taka zuwa can in jira ta, mu hau bas zuwa gida Kawo tare. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. A ofishin kuwa ina da kujerata a lungu, kusa da kwalayen fom, wasu ma'aikatan ma ba su san muryata ba.

Umma takan fara rubuta umarninta da biro a littafi kafin ta buga, saboda ana iya ɗauke wuta kowane lokaci. Ranar da ta gina teburin sunayen maniyyata a cikin na'urar ina tsaye a bayanta. Ta buga CREATE TABLE, sannan ta jera gurabe: lamba, suna, sunan mahaifi, gari, ranar haihuwa.

"Kamar ki ja layuka ne a littafin rajista," in ji ta. "Amma ki sani, abin da ba ki yi wa gurbi ba, ita ba ta san da shi ba."

Hoto ba shi da gurbi. Yana nan maƙale a jikin fom, a cikin kwali, ni ce nake kallonsa in na gaji da aikin gida. Na san fuskoki da yawa a haka. Kuma a haka na lura da wasu fom guda biyu daga wani ƙauye da ke gaba da Katabu. Malamin da ya cike musu ya yi yadda aka saba yi wa tsofaffin da ba su da takardar haihuwa: ya rubuta sunan ƙauyen a gurbin sunan mahaifi, ya sa ɗaya ga Janairu, ya ƙiyasta shekara da ido. Matan biyu sunansu ɗaya, ya kuma ba su shekara ɗaya. Amma ɗaya siririya ce mai zane uku a kowane gefen baki, ɗayar kuma mai faɗin fuska ce, da ɗan fari a idonta na hagu. Har na yi murmushi ni kaɗai, na mai da su ƙasan kwalin.

Wata Laraba bayan la'asar Oga ya shigo da safa, babban yatsansa ya leƙo ta wata huda.

"Malama, jerin nan ya fi kujerun da aka ba mu yawa. Masu taya ki shigarwa sun maimaita mutane. A cire min maimaicin yau ɗin nan, gobe da safe za a ware fasfo a tafi neman biza."

Umma ta buga SELECT, ta ce wa na'urar ta fito da duk layukan da suna da sunan mahaifi da gari da ranar haihuwa suka zo ɗaya. Suka fito bibbiyu, korayen haruffa a baƙin allo. Na bi su da ido. Can wajen tsakiya na ga sunan ƙauyen nan, sau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, da an bar ni na duba fom ɗin ɗaya bayan ɗaya," in ji Umma.

"Ki duba me? Suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, rana ɗaya aka haife su. Ko tagwaye ai ba a raɗa musu suna ɗaya."

Na miƙe daga kujerata. Na buɗe baki ke nan ya juyo ya gan ni.

"A'a, ashe ƙaramar injiniya tana nan! Ke ma kin iya? To zo ki karɓi kujerata in huta."

Ya yi dariya, masinjan da ke bakin ƙofa ya taya shi. Na sunkuyar da kai, na koma na zauna. Umma ta rubuta umarnin a littafinta, ta karanta shi sau biyu, sannan ta buga DELETE: a kowane biyu a bar mai ƙaramar lamba, a cire ɗayan. Ta ɗan tsaya da yatsa a sama kafin ta danna. Ba wata ƙara da aka ji. Layi ɗaya kawai ya fito a ƙasan allon yana faɗin adadin da aka goge.

A cikin bas ta saya min gyaɗa. Maganar tana bakina tun daga Doka har Kawo. Na ce a raina sai mun ci abinci. Da muka ci, na ce sai da safe. Da safe ta riga ni fita.

Bayan wasu makonni jirage suka fara tashi. Ina zaune a lunguna wata rana aka shigo da wata tsohuwa, ɗanta yana riƙe da jakarta. Tun kafin ta gama tuɓe takalmi na gane zanen da ke gefen bakinta. Ta fi hotonta ƙanƙanta.

"Sannu da zuwa, Iya," in ji Umma, ta ba ta kujerarta.

"Yawwa 'yata. Kai, wannan ɗaki naku ko randa!" Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. "Daga sansanin alhazai na Mando muke, kwanana uku a can. Jiya aka kira suna a lasifika, muka miƙe mu biyu, ni da takwarata. Tun muna 'yan mata haka muke, a kira ɗaya mu amsa tare. Aka buɗe fasfo, sai ga fuskarta. Ta tafi. Ni aka ce in zo nan, wai sunana yana cikin inji."

Umma ta buga sunan. Layi ɗaya ya fito. Ta sake bugawa da sunan ƙauyen kaɗai, ta bi jerin da yatsa. Na ga yatsan ya tsaya. Ta juya wajen kwalayen, ta rasa wanda za ta fara buɗewa. Ban san lokacin da na tashi ba. Na jawo kwali na uku, na zura hannu ƙasa, na zaro fom ɗin biyu na ajiye mata a kan tebur, hoto kusa da hoto. Umma ta dube su, sannan ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

Mayar da sunan bai ɗauki minti ɗaya ba. Aka gano fasfon tsohuwar a wata durowa, ba hatimi a ciki. Oga ya zo, wannan karon ba dariya, ya durƙusa a gabanta.

"Iya, a yi haƙuri. An rufe ba da biza. Kujerarki tana nan, sai baɗi in Allah ya kai mu."

Ɗan ya fara ɗaga murya, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Allah bai kira ba ke nan," in ji ta. "Abin da ke damuna, na bi gida-gida na yi sallama, na nemi gafarar kowa. Har da wadda muka shekara goma ba ma gaisawa. Aka rako ni bakin titi da kuka. Yanzu in koma in ce musu me?"

Ta kwance bakin jakarta, ta ciro ƙullin dakuwa daga cikin guzurinta, ta miƙo min.

"Ungo, ƙawata, ba za ta kai baɗi ba. Ke ba kya magana ne? Ko sai an biya ki?"

Na karɓa da hannu biyu. Ko godiya ban iya yi ba.

Da yamma ni da Umma muka sauka daga bas a Kawo. Muna tafiya a gefen kwalta ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tun ranar kin gani?"

Na gyaɗa kai.

Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Ni ma jikina ya ba ni, kuma na danna."

Da aka buɗe rajistar shekara mai zuwa ta gina sabon tebur, ta ƙara gurbin lambar fasfo, ta sa sharaɗin kada lamba ɗaya ta shiga sau biyu. Kafin ta taɓa fom ɗin kowa ta shigar da tsohuwar. Na'urar ta ba ta lamba ta ɗaya a jerin.

Bayan an gama girbi ɗan ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa, zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ya ce tun da ta koma ba ta cika fita ba, ko biki ko suna sai dai ta aika, kuma ba ta yarda an kwance jakar ba. Ya zo ne a cire sunanta, kada a kira a lasifika.

Umma ta yi masa gaisuwa, ta yi addu'a, ta zauna a gaban allon. Ta miƙo min fasfon tsohuwar.

"Karanto min lambar. Da ƙarfi."

Na karanta, harafi da lamba, ɗaya bayan ɗaya. Muryata ta fita, har ɗan ya ɗago ya dube ni. Umma ta maimaita, na ce haka ne, sannan ta danna.

Na'urar ba ta sake ba wani lambar da aka goge ba. Duk wannan shekarar, kowane jeri aka buga aka manna a bangon ofishin, daga lamba ta biyu yake farawa. Mutane sukan taru suna neman sunayensu, wani ya ce an yanke kan takardar. Sau ɗaya Oga ya tambaya ko za a iya gyarawa. Umma ta ce ana iyawa, amma ba ta gyara ba, shi ma bai sake tambaya ba. Ni kuwa kullum sai na bi ta gaban bangon nan kafin in kai ɗakinta, kuma ban taɓa wucewa ban duba saman takardar ba.