A Ɗan Rage Shi

Matso kusa ka ji, don wannan ba maganar ɗaga murya ba ce.

Lokacin da wayar hannu ta shigo mana Kura, maigidana shi ne mai sayo kaya a wani wurin ƙera injinan casar shinkafa. Shi ya san wa ke kawo boris mai kyau, wa ke cusa jabu. Akwai wani dattijo a Kumbotso mai sassaƙa musu sandar ƙarfen da fuli, wato faifan da bel ke juyawa, ke zama a kai, aikin da ko silin gashi aka kuskure ya lalace. Kullum da ƙafarsa maigidana yake kai masa awo.

Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida na ji shi a waya yana ce wa dattijon, “Baba, ƙarfen ya yi kauri, a ɗan rage shi.” Ni kuwa kunnena ba ya zubar da magana.

To wannan “ɗan” da ya ce, nawa ne a awo? Dattijo ya rage daidai nasa ɗan. Aka ɗaura, aka tayar da inji a Bunkure, fuli ya fizge ya daki mai zuba shinkafa a muƙamuƙi. Haƙoransa a cikin buntu aka tsince su.

Da la'asar sai ga 'yan'uwansa sun jawo dattijon har ƙofar gidanmu, riga a yage, jini na bin gemunsa. Maigidana ya fita ba ko hula.

“Ni awo na ba shi!” in ji shi.

“Ɗan nan, ka ji tsoron Allah,” dattijo na haki. “Cewa ka yi a ɗan rage.”

Suka sake sauke wa dattijo gora a gadon baya, ya durƙushe. Sai yayan wanda ya ji raunin ya leƙo zaure.

“Baiwar Allah, an ce a gida mijinki ya yi wayar. Me kika ji?”

Na hango maigidana yana kallon labulen da nake bayansa. Na hango tsohon yana laluben takalminsa a ƙasa.

Na ce, “Haka ya faɗa, a ɗan rage.”

Kafin maƙwabta su raba, sun karya wa maigidana hannu da fartanya, ina jin ƙarar ƙashin daga inda nake. Ni na yi jinyarsa, ni na riƙa ba shi tuwo a baki, yana karɓa yana kallon bango.

Kai da a ce kai ne a bayan labulen nan, me za ka ce ka ji?