Takardar da ke Jikin Firji

A garin Ivalo, can arewa ƙasar ƙanƙara, daga bakin titi har gidan ƙarshe na bakin kogi, babu wanda bai san Aulis Rautio yana da tafki ba. Ba saya ya yi ba, daji ai na kowa ne. Ubansa ne ya kai shi wurin yana ɗan shekara goma sha biyu, ya huda ƙanƙara, ya ciro masa kifin rautu mai jan ciki tsawon kamu guda, sannan ya ce ya rufe bakinsa. To, Aulis ya rufe. Shekara hamsin da shida ke nan bai buɗe ba.

Kada a ce na yi masa sharri, a nan kowa haka yake. Ka tambayi mutum inda ya kamo kifi, ya dube ka ya ce, "A ruwa." Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma komai da iyakarsa, iyakar kuwa ita ce takarda. Duk wanda zai shiga daji na kwanaki yakan rubuta hanyarsa, da inda zai kwana, da ranar dawowa, ya bar wa mutanen gida. In rana ta wuce ba a gan shi ba, da ita ake binsa. Ko shugaban maƙaryata ba ya ƙarya a wannan takarda. Aulis kuwa duk shekara sai ya yi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas ɗin da ke kai wasiƙu ƙauyuka, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa gaya wa fasinja abin da ya wuce "shigo" ba. Hutunsa mako guda ne a watan Afrilu, lokacin da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu amma ƙanƙara ba ta saki ba. Yanzu ya yi ritaya, kullum hutu ne, amma har gobe "hutuna" yake kiran makon nan, sai ka rantse wani aiki yake tashi a kai.

Tun watan Janairu yake ƙwace teburin kicin. Sikelin da matarsa Raili take auna garin burodi da shi ya zama nasa. Ya auna safa, ya auna ashana, ya ƙirga ƙwayoyin sukari ɗaya bayan ɗaya. Har mariƙin buroshin haƙori ya yanke da zarto don a rage nauyi, alhali tumbin da zai ɗauka ya kai buhu. Ya shafe katakon zamiyarsa, wanda ake ɗaurawa a ƙafa a zame bisa ƙanƙara, da kakin zuma, ya shirya kaya cikin ahkio, abin da zai ɗaura a ƙugu ya ja bisa dusar ƙanƙara, ya kwance, ya sake shiryawa. Daga ƙarshe ya shimfiɗa taswira, ya ja jan layi zuwa tafkin Harri, can gabas, ya kwafe a takarda ya manna a jikin firji. Tafkinsa na gaskiya yana yamma.

Duk wannan wahala don mutum ɗaya ake yin ta: Onni, yayan Raili, makiyayin barewar nan da ake kiwo a ƙasar sanyi, wanda ba ya fashin zuwa shan kofi da hantsi. Yana shigowa sai ya nufi firji da kofinsa a hannu, ya sa tabarau.

"Harri kuma, Aulis? Bana ma?"

"Bana ma."

"Ikon Allah. Ni shekara arba'in ina wucewa ta Harri, ban taɓa ganin ko sawun kashinka ba."

"Ina binnewa," in ji Aulis.

Onni ya ƙyalƙyale da dariya har kofi ya zube masa a riga. Shi a wurinsa wasa ne tsakanin surukai. Ya san akwai wani tafkin, amma ya ɗauka reshe ne daga Harri, tafiyar awa ɗaya ko biyu. Ko a mafarki bai kawo cewa mutum zai juya gabas ta koma yamma a takardar ransa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, likita ya ɗora Aulis kan maganin zuciya. Ana gobe tafiya Raili ta cire takardar daga firji ta ajiye masa kusa da faranti.

"Tsoho, dube ni. Abin da ke nan gaskiya ne?"

"Me zai sa in yi ƙarya?"

"Ban tambaye ka dalili ba. In Asabar ta wuce ban gan ka ba, wannan zan miƙa wa mutane. Kifinka bai dame ni ba, ko ɗanɗana shi ba na yi. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne mana," in ji shi, ya ci gaba da shafa man shanu a burodi.

Ta kai shi da mota ta sauke a bakin hanyar gabas. Ya jira ta ɓace, ya tsallaka titi, ya kashe wayarsa, don an ce masa waya tana tona inda mutum yake. Yini guda cur ya ɓata yana zagaye da kaya a ƙugu, tsoho mai ciwon zuciya, don dai kada sawunsa ya faɗi gaskiya.

Kifi kam ya samu. Ranar Juma'a kuma iska ta taso, irin wadda ba ka ganin hannunka in ka miƙa shi. Aulis ya shige 'yar bukkar ƙasa da ubansa ya gina a bakin tafkin, ya hura murhu, ya soya rautu da man shanu. Asabar ta zo ta wuce. Lahadi da safe iskar ta ɗan lafa, ya tuna da takarda. Ga tudu nan bayan bukka, in ya hau waya tana kamawa. Amma da ya kira, abu na farko da za a ce masa shi ne, "Kana ina?" Ya juya wayar a hannu, ya ce wa kansa Raili ba mai garaje ba ce, ya mayar da ita aljihu ya ɗora ruwan kofi.

Litinin da la'asar ya iso gida, kumatu jawur, ahkio cike da kifi. Gidan shiru, murhu a sanyaye. Maƙwabciyarsu ce ta fito ta gaya masa daga bakin shinge, ba ta ko gaishe shi ba. Tun safiyar Lahadi 'yan sa-kai goma sha ɗaya suka tafi Harri nemansa. Onni ne ya ja su, da shekararsa saba'in da huɗu, don babu wanda ya san gabas kamarsa. Babur ɗinsa na ƙanƙara ya faɗa ruwan da ke kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya jiƙe har gwiwa. An ce ya koma, ya ƙi, wai mijin ƙanwarsa yana can kwance yana jira. Yanzu yana asibitin birni.

Sai bayan mako biyu Aulis ya iya shiga ɗakin da aka kwantar da Onni, lokacin an riga an yanke masa yatsun ƙafa uku da sanyi ya kashe. Raili tana zaune bakin gado, ba ta ɗago ba. Onni ya rame, amma bakin yana nan.

"A'a, ga gawar ta zo da ƙafarta! Zauna, Aulis. An ce ka yi ƙiba."

Aulis ya zauna, hula a hannu. Kunya ta kama shi, wannan kam ba zan hana masa ba.

"To ni dai na ba da uku," in ji Onni, yana nuna ƙafar da haɓa. "Ba zan ƙara zamiya ba, balle in sace maka kifi. Gaya mini don in huta. Ina ne?"

Aulis ya buɗe baki. Wallahi ya yi niyya, sunan ya zo har kan harshensa. Sai ya ji kansa yana cewa, "Bayan dutsen Palo ne, wani ɗan tafki ta arewa."

Onni ya daɗe yana dubansa. "Wannan da ke daskarewa har ƙasa? Ko kwaɗo ba ya rayuwa a ciki." Ya juya fuska bango. Wannan karon bai yi dariya ba.

Janairu na zagayowa Aulis ya sake ƙwace tebur, hali zanen dutse. Raili ta sayi wani sikelin. Amma ana gobe tafiya ya zauna ya rubuta gaskiya, hanya da bukka da tudu. Abin da bai taɓa gaya wa mahaluƙi ba, ga shi a rabin shafi. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Wannan ta gaske ce, Raili."

Ta ci gaba da murza ƙullun burodinta. "Kai wa wani."

"Ki karanta mana."

"Ba zan karanta ba. Ka tafi inda ka ga dama, ka dawo ran da ka ga dama. In ka makara ba zan kira kowa ba. Yatsun gidanmu da suka rage muna so."

Ya sa hula ya fita da takardar. Maƙwabciya ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Shugaban 'yan sa-kai ya karɓa, bai buɗe ba, ya mayar masa ya ce, "Ƙarya ta nawa ce wannan?" Gidan Onni kuwa ya kai bakin ƙofa, ya hango sandar dogarawa jingine a baranda, ya juyo.

Washegari gari ya waye tas, babu iska, ƙanƙara ta yi tauri yadda ake so. Aulis ya tsaya a tsakar gida da igiyar ahkio a ƙugu har rana ta yi sama. Raili tana ganinsa ta taga, ba ta fito ba. Can ya kwance igiyar, ya ja kayan ya mayar rumfa.